Hannun Muttaƙa da Kajin Alhaji Sharifu

Muttaƙa lebura ne a Magariya, ya yi shekara da shekaru yana miƙa wa magina kwaɓaɓɓen siminti, nama kuwa sai Sallah. Wata rana ya zamo daga saman shagon da Alhaji Sharifu ke ginawa, hannun dama ya karye.

A irin wannan aiki ba a san wata inshora ba, diyyar mutum tana bakin mai gini. Alhaji ya kira maɗori, ya kuma yi rantsuwa a gaban jama'a cewa kullum zai aika da farfesun kaza har hannu ya warke.

To, hannu fa ya ƙi warkewa. Muttaƙa ya yi kumatu, matarsa Zulai ma ta soma sheƙi. Maɗori ya ce ƙashi ya haɗe, shi kuwa ya ce ai mai hannu ya fi jin hannunsa, ya ci gaba da yawo da karan ɗori.

Sai ruwan shuka ya sauka. Manomi ba ya jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya zauna. Muttaƙa ya kwance ɗori, ya saɓi sungumi, yana ta sara kamar saurayi, sai ga babur ɗin Alhaji a bakin gona.

"Muttaƙa, jiki ya yi kyau ke nan?"

"Ranka ya daɗe, maɗori ne ya ce in riƙa ɗan motsa shi."

"Madalla. Gobe ka zo shago ka motsa shi da kwanon siminti."

Da yamma Zulai ta dire masa tuwo da miyar kuka, ta ce, "Malam, da ka bari ni na yi shukar, da yanzu cinya muke ci."