Ranar da Na Sayo Kwanon Gidana

Ni ban taɓa zuwa neman inshora da ƙafata ba. Da na karɓi lamunin gina gida a Kazaure, cikin tarin takardun da na sa wa hannu har da tata, kuma tun daga nan duk wata sai an gutsiri wani abu a albashina, wai idan gobara ko iska ta taɓa gidan za a biya. Shekara bakwai ana gutsira. Ma'aikacin lafiya ne ni a wani ƙaramin asibiti a Gwiwa, in na tafi Litinin sai Juma'a, shi ya sa ranar da iskar ta zo ba na gari.

Ruwan farko ne, bayan la'asar. Matata ta kira ni tana haki, ta ce rufin ɗakin Inna ya tashi gaba ɗaya, kwano da katako. Inna mahaifiyata ce, ta haura saba'in, ga ciwon ƙafa. Allah ya sa a lokacin tana ɗakin girki tana yi wa matata faɗan gishiri.

Kafin na iso washegari da hantsi an gama komai. Baba, maƙwabcinmu na jikin katanga, tsohon direban motar hatsi ta Babura kuma aminin marigayi mahaifina, shi ya tara mazan layinmu daga idar da sallar asuba. Suka bi gida-gida suka tsinto kwanon, suka zare ƙusoshi, suka kwashe silin da ya jiƙe. Mata suka share tsakar gida fes. Da wani ɗan gwangwan mai sayen tsoffin ƙarafa ya zo wucewa, Baba ya sayar masa da kwanon don kada ya yanke wani, ya cika da kuɗin aljihunsa ya sayo tamfol aka lulluɓe ɗakin. Haka ake yi a wurinmu, ba a barin mutum ya wayi gari cikin ɓarnarsa. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Na sanar da kamfanin a ranar. Sai da aka kwana tara mai duba ɓarna ya zo daga Kano, da takalmi yana ƙyalli da turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Inna ta sa aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma, aka dama masa fura. Ya shanye tas, ya goge baki, ya leƙa ɗakin daga bakin ƙofa.

"Malam, ina kwanon da ya tashi?"

Na faɗa masa yadda aka yi.

"To hoto fa? Ba wanda ya ɗauka kafin a taɓa?"

Na ce mutane suna ta fama da ƙusa da katako, wa zai tsaya ɗaukar hoto? Ya girgiza kai kamar mai jin tausayina, ya zaro takarda. Abin da ya rubuta ko rabin bandir ɗin kwano ba zai saya ba, balle katako da ladan kafinta. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe an ce idan na sa hannu magana ta ƙare, ba ni da sauran haƙƙi. Har biro ya miƙo min, shi mai kirki. Na ce ba zan sa ba. Na ɗauki hoton takardar da wayata na mayar masa da abarsa.

Na samo ƙiyasin kafinta a rubuce, na samo wasiƙar mai unguwa da hatiminsa, na tura. Kullum hadari na haɗowa, Inna na kwance a falo kan katifa, mutane na tsallake ƙafarta. Da na matsa wa mai duba ɓarnar a waya sai ya ce, "Malam, a ofis ba a biyan labari, abin da ido ya gani ake biya. In kwanon yana nan a mayar da shi inda ya faɗi a ɗauka. Ni dai ban ce komai ba."

Tir! Amma na je. Na samu ɗan gwangwan a bakin kasuwa, na tona cikin tsatsa da matattun batura na zaƙulo kwanona, na gane shi da shuɗin fentin da na shafa da hannuna. Da ya ga idona ya rufe sai ya ninka kuɗin, ko kunya babu. Na biya. Na jira tsakar rana, lokacin da layi ya yi tsit, aka turo min a kura.

Na yaye tamfol ɗin, na fara watsa kwano a tsakar gidan da matan unguwa suka share. Inna tana kallona ta taga.

"Kai, lafiyarka kuwa?"

Na ci gaba da watsawa. Ina jan wani falle zuwa gindin rijiya na ji sallama. Baba ne, ƙarar kwano ta fito da shi, ya zaci wani abin ne ya sake faɗowa. Ya tsaya, ya dubi tamfol ɗinsa a ƙasa, ya dubi kwanon, ya dube ni. Na fara kame-kame, ina cewa kamfani, ina cewa hoto, ranka ya daɗe sharaɗinsu ne. Ya saurare ni har na gaji.

Sai ya tuɓe rigarsa ya rataye a igiyar shanya.

"Ba nan yake ba," ya ce. "Wannan a kan ɗakin kaji na ɗauke shi."

Ya sunkuya da tsufansa ya ja fallen ya kai. Ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su, wannan jikin katanga, wancan a ƙofar banɗaki, biyu ya ce a gidansa suka faɗa, in ina so mu je can ma a ɗauka. Ko sau ɗaya bai kalli fuskata ba. Ni kuwa ina biye da shi da waya a hannu, ina ɗaukar hoto, ina jin ƙyamar kaina.

Sun biya bayan sati biyar, ba duka ba, amma ya isa aka rufa wa Inna ɗakinta kafin ruwan Agusta. Ranar da kuɗin suka shigo na ɗauki kuɗin tamfol na shiga wurin Baba, na durƙusa na ajiye a gabansa. Ya tura min su da bayan hannu.

"Mayar, ɗana. Ai mu ne da ba ka haƙuri, mun yi maka karambani a gida."