Hajiya Mashkura, Shugabar da ke Gane Ma'aikaci da Murya

An haifi Hajiya Mashkura a birnin Zariya a shekarar 1968, ɗiya ce ga Malam Badaruddeen mai sayar da yadi, da maiɗakinsa Rakiya.

Karatu da Aure

Ta sauke Alƙur'ani tana ƙarama, ta kammala jami'a a 1991, aka ɗaura mata aure da Alhaji Hadi a 1994, suka tare a Jabi, Abuja, inda ta yi shekaru tana aikin gwamnatin tarayya.

Shugabanci

A 2016 wani kamfanin fassara ya damƙa mata jagorancin ma'aikatansa, waɗanda kowannensu daga gidansa yake aiki ta intanet, ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Al'adarta ita ce ba a fara taro sai ta tambayi kowa lafiyar gida, ta kuma tsaya ta ji amsa, har manyan kamfanin suka riƙa yi mata tsiya cewa gaisuwarta ta fi taron tsawo. Ko a jikinta.

A 2021 aka yanke shawarar korar Thaddeus, wani mafassari da ke Abaji, saboda aikinsa ya ja baya. Hajiya ta ƙi sa hannu, domin ta lura muryar mahaifiyarsa, wadda kullum kan leƙo taro ta ce, “Oga, sannu da aiki!”, ta ɗauke. Da ta kira shi, ashe tsohuwar ce kwance asibiti, shi kaɗai yake jinya, kunya ta hana shi faɗa. Hajiya ta nemar masa hutu, abokan aiki suka raba aikinsa da farin ciki. Allah cikin ikonsa tsohuwa ta warke, ta dawo da gaisuwarta, taro ya kaure da shewa.

Rasuwa

Allah ya yi wa Hajiya rasuwa a 2024, aka yi jana'izarta a maƙabartar Gudu. A wurin zaman makoki ne ma'aikatanta suka fara haɗuwa, kowa yana gane ɗan'uwansa da murya, ana hawaye ana dariya, tsohuwar Abaji na tsakiyarsu. Thaddeus ne ya gaji kujerar Hajiya, kuma har yau ba a fara taro sai an tambayi lafiyar gida.

Ta bar 'ya'ya uku: Nuraddeen, Fiddausi da Aminullahi. Allah ya jiƙanta da rahama.