Na Hana Tukunya Gishiri, Ashe a Kofi Nake Shan Sa

Masu tambayar inda na shiga tun bayan ƙaramar Sallah, ga ni. Ban yi fushi da kowa ba, asibiti na kwanta.

Hawan jini gadonmu ne. Shi ya shanye wa Babanmu ɓarin jiki har Allah Ya karɓi abinSa. Don haka ranar da aka ce nawa ya fara hawa, Innata ta kira daga Kebbe ta kafa doka: gishiri da dunƙule su bar gidana. Tukunya ɗaya muke ci, saboda haka maigidana da yara suka shiga cin miyar lami tare da ni, wata da watanni.

A tsakanin nan na ga ana tallar garin ketone a waya. Wai yana rage ƙiba, yana kwantar da hankali. Ni mai digiri na karanta yabon masu saye kaf, ban karanta bayan robar ba. Kullum da safe sai na dama a kofi na shanye.

Ciwon ƙeya ya fara. Na ce aiki ne. Ko ƙofa aka buga sai gabana ya daɗe yana faɗuwa. Na ce yara ne.

Ranar da abin ya faru, ina kan babur daga gaida Inna zan koma Tambuwal. Shanu suka faɗo hanya, mai babur ya kauce, har yana dariya. Ko ƙwarzane ban yi ba. Amma zuciyata ta ƙi komawa daidai. Muna isa gida gani ya dishe, hannun hagu ya yi nauyi kamar ba nawa ba.

Hannun da Baba ya fara rasawa ke nan.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta gwada jinina, ta sauya hannu ta sake. Aka tura mu Sakkwato. Gwajin zuciya, gwajin ƙoda, hoton ƙwaƙwalwa. Kuɗin ya cinye ragon da muka ajiye don layya.

Likita ta tambayi duk abin da nake sha. Na ciro robar daga jaka. Ta juya bayanta ta nuna mini.

"Hajiya, irin wannan da sinadarin gishiri ake haɗa shi. Kuma ba a gama sanin yadda yake taɓa jijiyoyin da ke tayar da zuciya idan mutum ya firgita ba. A kanki kike gwaji."

Inna, da ta biyo mu asibiti, ta dube ni. "Wanga abu kinka sha, ɗiyata? Mu muna can muna hwaɗa da tukunya?"

Daga baya aka sallame mu. A mota maigidana ya ce, "Maman Hanifa, wato mu ne muke yi miki ƙaurace wa gishiri, ke kina shan naki da sassafe."

Na yi dariya, sai kuka ya biyo baya.

Alhamdulillahi, hoton bai nuna ɓarna ba, hannuna ya dawo. Likita ba ta ce garin ne kaɗai ya jawo ba, amma tun da na bar shi na riƙe maganin hawan jinina, awon ya sauka. Allah Ya saka wa duk wanda ya zo, ya kira, ko ya yi addu'a.

Idan kina da hawan jini, duk abin da za ki haɗiya, kai wa likita robar tukuna. Ki riƙa gwaji ko ba kya jin komai. Hannu ya yi nauyi, kada ki jira gobe.

Yara kuma an mayar musu da gishirinsu. Sun yafe mini, in ji su.