Baba Ɗanlarai da Soron Goro na Kasuwar Salaga

Da an sallame sallar asuba, Baba Ɗanlarai magini ba ya komawa gida. Yakan bi layin tsofaffin shagunan kasuwar Salaga, yana tafe yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsu. Wani wuri ya wuce. Wani wuri ya tsaya, ya kara kunne, ya sake ƙwanƙwasawa. In ya tarar indararo ya toshe da ganye, sai ya zura doguwar sandarsa ya buɗe, ba tare da ya ta da mai gida ba. Daga nan ya zauna a rumfar Lamisi mai koko, ya sha na safe. Shekara arba'in ke nan yana haka. Babu wanda ya sa shi.

A makaranta an koya mana tarihin garin nan: goro, fatake, da cinikin mutane da ba ma son tunawa. Ba a gaya mana wanda ya hana sauran gine-ginen zamanin zubewa ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A tsakiyar layin akwai Soron Goro. Ginin ƙasa ne, kaurin bangonsa kamu biyu, rufinsa azara. Kakan mai soron, Hajiya Damata, shi ya gina shi tun fatake na sauke kaya a ƙofarsa. Yau buhunan dawa ake jibgewa a ciki, 'yan doya kuma na fakewa a inuwarsa suna jiran mota. Duk shekara kafin ruwa ya sauka, Baba yakan yi masa sabon yaɓe, ya bi shi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake dafawa don ya hana ruwan sama cin bango.

A ƙarshen 1989 aka kira Baba Yendi gyaran wani masallaci, ya yi wata uku. Kafin ya dawo, Sumaila ɗan Hajiya ya zo daga Kumasi da siminti. Niyyarsa mai kyau ce. Ya ga mahaifiyarsa ta tsufa, ga ɗawainiyar yaɓe kowace shekara. Ya sa aka shafe soron da siminti daga sama har ƙasa, aka yi masa shuɗin fenti. Kasuwa ta yi ta yabo.

Baba ya dawo ya tsaya yana kallo.

"Baba, ka ga aikin zamani?" in ji Sumaila. "Yanzu sai ka huta."

"Wa ya ce maka na gaji?"

"Ai wannan ba ya buƙatar gyara har abada."

"Ƙasa takan sha ruwa da damina, ta fitar da shi da rani. Ka toshe mata hanya. Ruwan da ya shiga, ta ina zai fita?"

Sumaila ya yi dariya, 'yan doya suka taya shi. Baba ya saɓa sandarsa ya tafi.

Damina biyu suka wuce. Wata safiya cikin rani, wani ɓangare na simintin ya zubo dab da tukunyar Lamisi. Abin da ke bayansa ba bango ba ne, baƙar laka ce mai wari. Masu duba gine-gine suka zo suka shafa jan fenti a gefen ƙofa. Suka ce in ba a gyara kafin damina ba, za a rushe.

"Mma, a bari su rushe," in ji Sumaila. "Zan yi miki shaguna huɗu na bulo."

"A ɗakin nan aka raɗa mini suna," Hajiya ta ce. "Kira mini Ɗanlarai."

Har yau Lamisi na ba da labarin zuwansa. "Na ajiye ludayi ina jira ya ce, 'Ba na faɗa ba?' Wallahi bai ce ba. Tsohon nan ya hana ni jin daɗi!"

Zagaye soron kawai ya yi, ya hau sama ya duba, ya sauko.

"Daga gwiwa zuwa ƙasa ya ruɓe. Sama da ransa. Azara lafiya lau."

"Zai tsaya, Yaya?" Hajiya ta tambaya.

"In an yi haƙuri."

Ya ɓamɓare simintin kaf, ya bar bangon yana shan rana har kwana talatin. 'Yan doya suka ce Baba ya tuɓe wa tsoho riga a tsakiyar kasuwa. Da ya fara aiki, bai haƙe ruɓaɓɓen gindin gaba ɗaya ba, domin soron zai durƙusa. Kamu ɗaya yake cirewa, ya cike da tubali, ya tsallake kamu uku, ya cire wani. Sai sun bushe yake komawa na tsakani. Gajimare ya fara taruwa a gabas.

"Baba, hadari fa na haɗowa," in ji Sumaila. "A ƙaro hannu mana."

"Ko mu ɗari ne, sai ranar da ta ga dama ƙasa za ta bushe. In kana son taimako, tuɓe takalmin nan ka shiga kwaɓi."

Sumaila ya tuɓe. Kasuwa ta ga ɗan Kumasi cikin taɓo har gwiwa, ta yi masa dariyar da ya taɓa yi wa wani.

Da aka zo yaɓe, makuba ta kasa, don soron bai taɓa buƙatar mai yawa haka ba. Lamisi ta bi gidajen masu daddawa ɗaya bayan ɗaya. Mata suka yi ta kawo ɓawon ɗorawa a kwanduna, aka dafa a tukwanenta. "Kwana uku Salaga ba ta sha kokona ba," in ji ta, "kuma ba wanda ya mutu."

Kwana biyu da gamawa ruwa ya sauko da azahar, kamar da bakin ƙwarya. Babu wanda ya gudu gida. Jama'a suka cika rumfuna suna kallon bango. Baba na tsaye, hannu a baya. Indararo na ta kwarara, ruwa na sulalewa a jikin yaɓen yana wucewa. Da ya ɗauke, Hajiya ta tsallaka ta dafa bangon, ta daɗe ba ta cire hannu ba.

Bayan mako guda mai duba gini ya dawo.

"Ina alamar da muka sa?"

"Ta bi simintin," Baba ya ce. "An cike rami da su a bayan kasuwa."

Mutumin ya danna makullin babur ɗinsa a gindin bango. Makullin bai shiga ba. Ya koma wani wuri ya danna. Ya hau babur ya tafi, kuma bai sake zuwa ba.

Baba, likitan bango. Kai ne aka yi wa dariya a gaban jama'a, da aka neme ka ba ka rama ba. Kai ne ka san cewa abin da kakanni suka gina yana son a dube shi duk shekara, kamar tsohon da ke ɗaki. Ba sunanka a jikin ko ɗaya daga cikin shagunan nan, amma babu wanda hannunka bai taɓa ba. Bana gwiwa ta hana ka hawa tsani. Mun gode. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Mu kuwa samari, da yawanmu mun gama sakandare muna zaune a tasha muna jiran aiki daga Kumasi. Ga mai sani nan da ransa, kuma ba ya rowa. Kashegarin kasuwa mai zuwa za a yi wa Soron Goro yaɓen bana. Sumaila ne zai hau tsani. Baba zai zauna a ƙasa yana yi masa faɗa. Duk mai zuwa ya zo da bokiti, ya bar takalmi a gida.