Kaskon Gahawar Kawu

Shekarar da ruwa ya cinye shinkafar Gashua Kawu ya rasu, ya bar mini kaskon da yake soya gahawa. Bai taɓa yarda a wanke shi ba. Da ɗuminsa yake goge shi da tsumma, ya hure ɓawon.

Na taɓa ce masa, "Kawu, ai ya yi baƙi."

Ya ce, "Ɗana, a baƙin nan daɗin yake."

Jiya 'yata ta tare ni da murna. "Baba, duba!" Ta dirje kaskon da sabulu har yana ƙyalli. Na sa mata albarka, na shinshina, ƙarfe kawai na ji.

Shinkafa ta sake tsirowa. Abu biyu ne ba za su dawo ba, Kawu da ƙamshin kaskonsa. Allah Ya tarbe shi da ƙamshin Aljanna.