Hadiza Ta Yi Gwaji Da Kwamfutata

Jama'a, ku zo ku ji abin da aminiyata ta yi mani yau!

Da hantsi ina gyaran babi na huɗu na kundin kammala karatuna, wanda zan miƙa ran Litinin. Sai ga imel daga Hadiza, wadda muka taso gida ɗaya a Wara. Ta rubuta, "Hotunan bikin ƙawarmu Zainabu, buɗe ki gani." Wa zai yi shakkar Hadiza? Na danna.

Innalillahi! Allon kwamfutata ya yi baƙi. Da ya dawo, ko fayil ɗaya ya ƙi buɗuwa. Aikin wata bakwai!

Na haye babur ɗin kabu-kabu sai shagon mai gyara a bakin kasuwar Yelwa. Ya duba ya ce, "Malama, wannan ba hoto ba ne, bairos ne, cutar kwamfuta. Duk abin da aka liƙo a imel, ki tambaya kafin ki taɓa. Kina da kwafi a wani wuri?"

Ba ni da shi!

Na kira Hadiza don in gargaɗe ta. A zatona an sace mata imel.

Ta ce, "Kai! Ke ma taki ta mutu?"

Na ce, "Ni ma kamar yaya?"

Ta ce, "Tawa tun jiya ta ɗauke da na buɗe shi. Shi ne na tura maki ta waya, in gani ko daga fayil ɗin ne, ko kwamfutata ce ta tsufa."

Sai na ji ta ce, "To alhamdulillahi, yanzu dai mun gano."