Pugong Mai Bugun Gangsa

Pugong maƙwabcinmu ne a saman Banaue, gonarsa tana kan tamu, ruwan da ya bi ta shinkafarsa shi ne ke gangarowa cikin tamu. A wajen kawunsa ya koyi bugun gangsa, farantin tagullan nan da ake bugawa a biki. A cikin makaɗa uku na ƙauyenmu shi ne mai bugu da tafin hannu, sauran biyun masu sanda suna bin sa. A fagen rawa ya ga Intanap, ya aure ta.

Da 'ya'ya suka yi yawa, shinkafar gona ta daina kai su ƙarshen shekara, sai ya tafi haƙar zinariya a Benguet. Ya daɗe a can. Ya dawo da kwanon rufi da tari, kuma ƙarar nakiya ta cinye masa kunne. Bai gaya wa kowa ba. In an yi masa magana sai ya tura moma, goron ƙasarmu, a baki yana taunawa, yana gyaɗa kai.

Asiri ya tonu a bikin Imbayah. Ƙauyuka sun hallara a garin, kowa da jan saƙinsa da gashin tsuntsu a ka, aka kira mu fage. Ana tsakiyar rawa Pugong ya yi gaba da kiɗa, masu sanda suka biyo shi da gudu, 'yan rawa suka harɗe. Mutanen ƙetaren kogi suka yi ta dariya, wani ya tambaya ko kare ne ya biyo mu. Mu muka zo ƙarshe.

Bayan kwana biyu Bumidang, shugaban 'yan rawarmu, ya hau gidan Pugong da tulun giyar shinkafa. Ya yi ta kewaye-kewaye cewa girma ya zo, ya kamata a bar wa yara. Pugong ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce lallai, bana ɓeraye sun yi ɓarna a gona.

Intanap tana sheƙe shinkafa a gefe. Ta ajiye faifai ta ce, “Yaya, bar shi, ba ya jin ka. Amma idonsa garau yake. Ku sa ni a gaba, ya riƙa kallon ƙafata.”

Haka suka fara gwaji a tsakar gida da yamma, muna jin su daga ƙasa. Rabin abin faɗa ne. Shi yana cewa tana jan ƙafa kamar bauna a taɓo, ita tana ɗaga murya yadda duk kwarin zai ji: “Tsoho, tun ina budurwa nake bin hannunka, yanzu kai ma ka bi dugadugina, ba za ka mutu ba.”

Da bikin ya sake zagayowa, ta shiga gaba, furfura da duwatsun wuya, hannuwa a buɗe. Shi kuma ya durƙusa, gangsa a kan cinya, bai ɗaga kai ya dubi kowa ba sai ƙafarta. Kiɗa bai goce ba. Ba mu ci na ɗaya ba, amma an ba mu ɗan alade, aka yanka aka raba gida-gida.

Sun yi biki uku a haka. Daga nan gwiwoyin Intanap suka ƙi, har gangarowa kasuwa ta gagare ta. An ce a sa 'yarsu a gaba, ya gwada sau ɗaya ya ce ƙafarta ba ta faɗin gaskiya. Ya naɗe gangsan a bargo ya ba mijin 'yar.

Yanzu cokulan itace yake sassaƙawa. Ranar biki yakan shimfiɗa su a bakin hanya kusa da masu gasa masara, ya tashi da wuri saboda ya dafa wa Intanap dankali. Bara na ɗauki guda zan saya, ya karɓe ya ce mariƙinsa a karkace yake, na baƙi ne, ya zaɓo mini wani.